An rubuta "Brilliant" a jikin kayan, in saya?

Kalma guda ta Turanci, brilliant, wato mai walƙiya, ita ce ta haɗa wasiƙun wannan makon, ko da yake masu aiko su ba su san juna ba. Tela ya gan ta a kwalin ƙwan lantarki, uwar ango ta ji irinta a bakin mai shadda, ɗalibi kuma wata Baturiya ce ta rubuto masa ita. Kowa dai tambayarsa ɗaya: ta isa hujjar fitar da kuɗi? Na taƙaita wasiƙun, na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Daga wani tela a Gusau: Malam, barka da aiki. Da azumi ya kama, kusan a shago nake kwana. Na sayi ƙwai biyu masu rubutun Super Brilliant 30W. Haske kam akwai, har idona ke ruwa, amma sai in zaɓi zare da dare, gari na wayewa in ga bai shiga da yadin ba. Ɗaya ma ya fara kyaftawa tun bai yi wata uku ba. Wane iri zan nema kafin ɗinkin Sallah ya taso?

Sannu da ƙoƙari, Malam. Ka rabu da wancan babban rubutun, ka juya kwalin ta gefe inda ƙananan rubutu suke. Babu hukumar da ta yanke yawan hasken da ƙwai zai bayar kafin a kira shi brilliant. Duk wanda ya biya mai buga kwali yana iya sa ta, ya ƙara super da ultra a gaba in ya ga dama, ba wanda zai tuhume shi. Lambobi ne ake iya kama mai kamfani da su, kuma uku ne suka shafe ka.

Ta farko ita ce mai lm a bayanta, wato lumen. Ita ke auna haske. Wat kuwa wutar da ƙwan ke sha yake aunawa. Mun saba da wat ne tun zamanin gulob mai zare a ciki, lokacin da kowa ya san ɗan 60 na ɗaki ne, ɗan 100 na tsakar gida. Ɗan 60 ɗin nan wajen lumen 800 yake bayarwa, ɗan 100 kuma wajen 1,500. Ƙwan LED na kirki da wat 9 kacal yake kawo lumen 800. Saboda haka kowane wat ɗaya ya kamata ya haifar da lumen 80 zuwa 120. Naka da ya ce wat 30 ne, in da gaske yake, ya kamata ya tasam ma lumen 3,000. Kwalin da ba a rubuta lm a jikinsa ba, mayar wa mai shi. Mai kayan kirki ba ya ɓoye wannan lambar.

Ta biyu mai K ce, ita ke faɗin launin hasken. 2700K ruwan ɗorawa ne mai sanyi a ido, 4000K fari ne sassauƙa, 6500K kuma fari fat mai ratsin shuɗi. Yawancin ƙwan araha 6500K ne, don ido yana ɗaukar farin da ya ja shuɗi a matsayin mai ƙarfi, ko da lumen ɗinsa kaɗan ne. A rumfar mai kaya yana ɗaukar ido. Ka zauna ƙarƙashinsa daga bayan tarawih zuwa sahur kana bin allura, sai ka ji a jikinka.

Ta uku ita ce ta cuce ka a wajen zare, kuma mutane kaɗan ne suka san da ita. Ana rubuta ta CRI ko Ra, daga ƙasa har zuwa 100. Tana nuna yadda ƙwan ke fito da launuka in an gwada shi da hasken rana. Farin LED asalinsa shuɗin haske ne aka lulluɓe da wani sinadari mai ruwan ɗorawa, shi ya sa idan ka leƙa cikin ƙwan a kashe za ka ga ɗigo-ɗigo masu kalar ƙwaiduwa. Wannan shuɗin LED ɗin ne ma ya jawo wa masana uku 'yan asalin Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, lambar Nobel a 2014. To idan an yi ƙwauron sinadarin, jan launi ba ya fita sosai a cikin hasken. Sai ja ya dushe, makuba da ruwan ƙasa su rikice maka, ruwan toka ya koma kamar shuɗi. Mai sayar da lemo ko mai cajin waya, Ra 80 ya ishe shi. Kai da mai surfani da mai kwalliyar amare ku nemi 90 ko sama. Ya fi tsada, kuma ba kowace rumfa ke da shi ba, amma kuɗinsa bai kai na warware aikin wuyan riga guda ba.

Kyaftawar kuwa daga ɗan allon da ke gindin ƙwan take. Zafi ne ke kashe shi, tare da wutarmu mai hawa da sauka. Nemi wanda aka rubuta 85–265V, shi ko wuta ta zo rabi haskensa ba ya raguwa. Ɗaga ƙwan a hannu: mai ɗan nauyi yana da gwangwanin alminiyam a ciki da ke janye zafi, wanda ka ji sakayau roba ce zalla. In an kunna maka shi, buɗe kyamarar wayarka ka haska. Ka ga layuka baƙaƙe suna gudu a fuskar wayar, to yana kyaftawa ne da saurin da ido ba ya kamawa, kanka kuma yana ji. Allon gwajin da masu kaya ke sa ƙwai a kai ba abin da yake tabbatarwa sai cewa ƙwan yana kamawa a yau.

Da ni ne da shago mai mita 3 da 4, ba zan sa ƙaton ƙwai guda a tsakiya ba. Zan sa uku masu lumen 1,200 zuwa 1,500, 4000K, a rarrabe, yadda inuwar kaina ba za ta faɗo kan keke ba, in ƙara 'yar ƙaramar fitila a kan allura. Duka wajen wat 45 za su sha, batirin sola zai ɗauka.

Wani mai gadi daga Mubi ya yi tambaya makamanciyar wannan kan tocila mai rubutun lumen 90,000 da batir 9,900mAh. Baba, duka biyun ƙarya ce. Fitilar gaban mota irin ta da lumen dubu da ɗoriya take bayarwa. Batirin nan mai kama da yatsa da ake kira 18650, na manyan kamfanoni ma wajen 3,500mAh yake tsayawa. Wanda ya rubuta ƙaramar lamba shi ya fi kusa da gaskiya.

Daga wata uwa a Damagaram: Malam, ɗana zai yi aure bayan Sallah, ni aka ɗora wa haɗa akwati. Mai kanti ya fito mini da shadda iri biyu. Ɗaya ya ce bazin brillant ce, tun daga bakin ƙofa take walƙiya, kuɗinta bai kai rabin na gezna ba. Geznar kuwa ƙyallinta bai kai na waccan ba. Anya ba suna kawai ake sayar mana ba?

Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin. Wani lokaci sunan ake sayarwa, ba musu, don har tambarin ruwan gwal da ke bakin yadi ana buga na jabu. Amma kada ƙyallin cikin kanti ya zama alƙalinki.

Sheƙin shadda iri biyu ne. Akwai wanda ke cikin zaren kansa. Ana zaɓen auduga mai dogon gashi, a tsoma zaren a ruwan soda mai ƙarfi ana ja da shi, sai kowane sili ya kumbura ya yi sumul, ya riƙa mayar da haske. Wani Bature ɗan Ingila, John Mercer, ya fara gano aikin sodar a 1844, daga baya aka gane cewa jan zaren ne ke kawo sheƙin. Sannan zanen furannin shadda ba bugawa ake yi ba, saƙa shi ake yi, wani wuri zaren tsaye ne a sama, wani wuri na kwance, shi ya sa furen ke ɓuya ya bayyana in kin juya yadin. Irin wannan aikin ne ya yi wa kamfanin Getzner suna, wanda ke garin Bludenz a ƙasar Ostiriya tun 1818, har sunansa ya zama gezna a bakinmu. Ba su kaɗai ke yin mai kyau ba, amma duk mai kyau ta wannan hanyar take bi.

Na biyun shafe ne. A ɗauko yadi mai rauni, a cika shi da sitaci da kakin sinadari, a bi ta kansa da manyan ƙarafa masu zafi. Yana fitowa kamar madubi, yana ƙara in an taɓa. Wanki ɗaya, ruwa ya tafi da kuɗinki. Fankam-fankam ba shi ne kilishi ba.

Ga abin da za ki yi kina tsaye a kantin. Kama kusurwar yadin ki murza tsakanin yatsu da ƙarfi. In wurin ya dushe nan take, ko wani farin gari ya maƙale miki a yatsa, shafe ne. Ɗaga shi ki duba ta hasken ƙofa: saƙar kirki a matse take, ba ta barin haske ya ratsa ko'ina. Sannan ki roƙi ya zare miki sili biyu daga bakin yadin, ɗaya ta tsaye ɗaya ta kwance, ki sa musu ashana a waje. Auduga tana ci da wuta, tana warin takarda, ta bar toka mai laushi. Roba tana narkewa ta dunƙule, ta bar ɗan baƙin ƙwallo mai tauri. Shaddar da aka cakuɗa da roba tana riƙe ƙyalli, amma a zafin Damagaram na watan Afrilu wanda ya sa ta zai gaya miki sauran labarin. Mai kantin da ya hana ki sili biyu ya riga ya ba ki amsa.

Ko ta kirkin ma, wani kaso na sheƙinta yana sauka bayan wanki, kuma nan ne bugu ke shigowa. Mutum biyu zaune suna fuskantar juna, gungumen icce a tsakaninsu, kowa da gudumar icce, suna sauke ta bi da bi a kan yadin da aka ɗan yayyafa wa ruwa har zaren ya kwanta. Da wannan aikin ne mutanen Kura, kusa da Kano, suka daɗe suna fitar da rawanin baba mai walƙiya da Buzaye ke ƙetaro Sahara da shi. Auduga ta gari tana karɓar bugu shekara da shekaru. Ta shafe kuwa in aka buga ta sau biyu sai ta fara tsagewa a kan ninki. A wanke da ruwan sanyi, ban da buroshi, a shanya a inuwa.

Shawarata, in kuɗin na gezna biyu ne ko brillant biyar, ki sa biyun a akwati ki cike da atamfa mai kyau. Dangin amarya za su murza yadin nan kamar yadda na ce ki murza, a gaban mutane kuma.

Daga wani ɗalibi a Zariya: Malam, ina neman gurbin digiri na biyu a wata jami'a a Ingila. Na tura takarduna, matar da ke kula da masu nema ta amsa da "Brilliant, thanks." Ejan ɗina ya ce wannan alama ce sun yaba da ni, in biya kason farko na kuɗinsa. Mahaifina har ya fara maganar sayar da fili.

Ƙanena, a dakata da filin. Matar nan "yawwa, na gode" ta ce maka, ba ta wuce nan ba.

Ingilishi ya aro kalmar daga Faransanci a ƙarshen ƙarni na 17, da ma'anar abu mai walƙiya, irin tauraro ko dutse mai daraja. Daga nan aka ɗora ta a kan mutum mai kaifin basira da aikin da ya yi fice. Waɗannan ma'anonin suna nan da ransu: in farfesa ya rubuta a takardar shaida cewa kai brilliant student ne, yabo ne babba, haziƙi yake nufi. Amma mutanen Birtaniya sun mai da ita kalmar baka ta yau da kullum. Ka miƙa wa mai kanti canji daidai, zai ce brilliant. Ka ce wa abokin aiki ƙarfe uku ya yi maka, zai ce brilliant. Har gatse suke yi da ita: jirgin ƙasa ya wuce ya bar mutum, ya ja tsaki ya ce "oh, brilliant." Amurkawa ba su cika yin haka ba, su sun fi barin ta a wajen hazaƙa. Abin lura shi ne inda ta zauna. In ta tsaya ita kaɗai a farkon saƙo, amsa ce kawai cewa abin ya iso. In ta jingina da sunanka ko aikinka, sannan ta zama yabo.

Ko yabon ne ma, ba ya shigar da mutum jami'a. Abin da ke shigarwa takardar tayin gurbi ce, mai sharaɗi ko marar sharaɗi, daga adireshin jami'ar kanta. Bayan ka cika sharuɗɗa su ba ka lambar CAS, da ita ake neman bizar karatu. Ejan ɗin da ya san aikinsa ya san duk wannan. In ya sani ya fassara maka "na gode" a matsayin albishir don ka biya, sai ka sake tunani a kansa.

Daga wani ango a Kaduna: Malam, na ga zobe a wajen wata mai sayarwa a Instagram. Ta rubuta "18k, brilliant cut, 0.50ct." Ta ce daiman ne shi ya sa aka ce brilliant. Ina son in sa a lefe. Kuɗin ya yi sauƙi har ina tsoro.

Tsoronka na kan hanya, ango. A nan kalmar tana da ma'ana takamaimai, sai dai ba wadda aka gaya maka ba. Sunan yanka ne, ba sunan dutse ba. Dutse zagayayye ta sama, mai tsini ta ƙasa, da aka fere masa fuska 57, ko 58 in an daddale ɗan tsinin. 33 a sama, 24 a ƙasa. An tsara kusurwoyin ne yadda hasken da ya shiga ta sama zai bugi bangon ƙasa ya dawo wa ido maimakon ya zube ta gindi. Marcel Tolkowsky, ɗan gidan masu yankan daiman na birnin Antwerp a Beljiyam, shi ya fitar da lissafin a 1919. To wannan yankan ana yi wa daiman, ana yi wa duwatsu masu kama da shi irin moissanite da cubic zirconia da ake sayarwa da araha, ana yi wa ko gilashi. Duka brilliant cut ne, kuma mai sayarwa ba ta yi ƙarya a rubuce ba. A baki ta yi.

Ka lura kuma da ct da k. 0.50ct nauyin dutsen ne, karat ɗaya kashi ɗaya cikin biyar na giram. 18k kuma tsarkin gwal ne, kashi 75 cikin ɗari, shi ya sa ake buga 750 a cikin zoben. Ɗan 21 ana buga masa 875, ɗan 22 kuma 916. In ka ga GP a gefen lambar, wanke ne aka yi wa wani ƙarfe da ruwan gwal.

Daiman na gaske mai rabin karat yana zuwa da takardar ɗakin gwaji irin GIA ko IGI, mai lamba, kuma sau da yawa an zana lambar a gefen dutsen da leza, ana ganinta da madubin maƙera. Kana iya shiga shafinsu ka sa lambar ka ga ko bayanin ya dace. Ɗan abin gwajin nan mai kama da biro da ke ƙara in an dangwala shi a dutse, zafi yake aunawa, kuma moissanite na iya ruɗinsa. Takardar za ta kuma faɗa maka ko na ƙasa ne ko wanda aka haɗa a masana'anta. Na masana'antar ma daiman ne, amma farashinsa ya faɗi warwas a 'yan shekarun nan, kada a sayar maka da shi a kuɗin na ƙasa.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba. Matanmu ba don ado kaɗai suke riƙe gwal ba, ajiya ce ta ranar da ba a fata. Ranar saye, ana ɗora zobe a sikeli da duwatsunsa, ka biya nauyin duka a farashin gwal. Ranar sayarwa, mai saye zai cire nauyin duwatsun, wani ma ya ɓamɓare su a gabanka ya zuba maka a tafin hannu. Ko daiman na gaske ne, ba kasafai za ka sami wanda zai mayar maka da kuɗinsa a kasuwar gwal ta gida ba. In don amarya ta sami abin da zai tsaya mata ne, sayi ɗan 21 ko ɗan 18 marar dutse, a shagon da ke da ƙofa, a auna a gabanka, a rubuta giram da karat a rasit. Ka tafi da yayarka ko gwaggonka. Sun fi ni da kai ido a wannan fannin.

Daga wani magidanci a Katsina: Na gama filasta, mai fenti ya ce in sayi Brilliant White ciki da waje, wai ya fi kowane fari. Haka ne?

Ya fi kowane fari fari, Alhaji, wannan gaskiya ne. A fenti sunan launi ne: farin da ba a karya shi da ɗorawa ko toka ba, har ma ana ɗan ja shi zuwa shuɗi. Dabarar bula ce da iyayenmu mata ke sa wa farin kaya a ruwan ɗauraya. Farin yadi in ya tsufa yana ja zuwa ɗorawa, ɗan shuɗin sai ya kashe ɗorawar a ido. Garin sabulun wanki na yanzu ma yana ɗauke da sinadarin da ke karɓar wani ɓoyayyen haske na rana ya mai da shi shuɗi, shi ya sa farar riga ke ɗaukar ido a filin Idi fiye da cikin ɗaki.

Sunan launin bai ce komai kan ingancin abin da ke cikin bokitin ba. Abin da ke rufe bango sinadarin titanium dioxide ne, kuma yana da tsada. Fentin araha alli ake cika shi da shi. Sayi ƙaramin galan tukuna, a shafa a wani lungu, a bar shi kwanaki ya bushe, ka goga baƙin ƙyalle. In ya fito fari, haka zai riƙa yi wa bayan rigar duk baƙon da ya jingina. Duba kuma murabba'in mita nawa lita ɗaya ke rufewa, na kirki wajen 10 yake kaiwa a shafa ɗaya. Ka tsaya a wurin lokacin da ake sirka ruwa, don a nan bokiti ɗaya ke zama biyu.

A silin, sa shi, yana ƙara wa ɗaki haske. A bangon ɗakin kwana, in ya haɗu da ƙwai 6500K, ido ba ya hutawa. A waje kuwa, fari yana korar zafin rana, wannan riba ce, amma ƙurar hunturu da jar ƙasar da ruwan damina ke fantsamawa ba za su bar shi ya ga shekara da farinsa ba. Ruwan madara ko ruwan ƙasa mai haske ya fi rufa asiri, a yi wa gindin bango ɗamara mai duhu kamar mita ɗaya. Kada a shafa komai sai filastar ta yi kamar mako huɗu, in ba haka ba damshi da gishirin siminti za su tayar da fentin.

Abu guda da ya fi launi muhimmanci in akwai yara: fentin mai na ƙofofi da tagogi, musamman ja da ɗorawa masu ƙyalli, a ƙasashe da yawa an same shi da dalma. Iyakar da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ke ba da shawara ita ce 90 ppm, wato kashi 90 cikin miliyan. Nemi gwangwanin da aka rubuta babu dalma a ciki.

Wata mai yin kek a Jos ta ga "Brilliant Blue" a jikin kwalbar kala, tana tambaya ko ya fi sauran kyau. 'Yar uwa, sunan rinin ne kawai, lambarsa E133, Amurkawa na ce masa Blue 1. An halatta shi a abinci a ƙasashe da yawa, kuma ɗigo kaɗan ya isa. In kin haɗa shi da ɗorawar E102 kore zai ba ki. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Garin kala da ake ƙullawa a leda ba suna, ki bar shi, don rinin tufafi ma haka yake a ido.

Daga wata uwa a Bauchi: Makarantu biyu ne a unguwarmu. Ɗaya akwai Brilliant a sunanta, gininta sabo, yara na sa taye. Ɗayar tsohuwa ce, ba fenti. Maigidan ya ce in zaɓa.

Maman yara, sunan makaranta mai ita ne ya raɗa, kamar yadda kika raɗa wa 'ya'yanki. Ko WAEC ba ta da wannan kalmar a sakamakonta, A1 ne zuwa F9, kuma abin da jami'a ke nema kiredit biyar ne har da Turanci da Lissafi.

Ki je kowacce da safe ranar aiki, ba tare da kin sanar ba. Ki ƙirga yaran aji ɗaya. Ki roƙi littafin aikin wani ɗan aji huɗu, ki ga ko akwai jan biro a ciki, da ranar da aka yi masa gyaran ƙarshe. Ki sa wani yaro ya karanta miki shafin da bai taɓa gani ba, na Hausa da na Turanci, ya gaya miki abin da ya fahimta. Yaran da aka haddatar wa amsa suna burge iyaye ranar taro, a nan ne suke tsayawa. Tambayi malamin ajin shekararsa nawa a wurin. Makarantar da malamai ke sauyawa kowane zango, albashi ne ba ya fita, kuma ba malamin da zai koyar da kirki da yunwa. Ki nemi ganin takardar amincewar ma'aikatar ilimi ta jiha. In sakandare ce kuma aka yi miki alkawarin cewa ɗalibansu ba sa faɗuwa jarrabawa ko ɗaya, ki tambayi a wace cibiya suke rubutawa da nawa ake karɓa na musamman a shekarar ƙarshe.

Ki leƙa banɗaki kafin ki fito, ki kuma sa a rubuta miki duk kuɗin shekara a takarda guda, har da na yunifom da littattafai da bikin yaye ɗalibai, sannan ku zauna da maigidan.